Dashen Hanta da Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani: Darasi Daga Gaɓar Tafkin Kainji

Gabatarwa

A ɗakin tiyata na zamani, likitoci kan shafe sa'o'i shida zuwa goma sha biyu suna cire hantar da ta lalace daga cikin mutum, su dasa masa wata mai lafiya. Aikin yakan yi nasara, majiyyaci ya farfaɗo, amma bayan mako ɗaya ko biyu sai zazzaɓi ya rufe shi, a yi ta ba shi magunguna masu tsada ba tare da sun yi tasiri ba. Abin da ke neman ransa a wannan lokaci wata halitta ce da ido ba ya gani, wato bakteriyar da ta daina jin magani. Wannan darasi zai bayyana yadda hakan ke faruwa, da kuma yadda lamarin ya shafi masunci a Yauri, da manomi a Shanga, da ɗalibi a Ngaski, ko da kuwa ba su taɓa ganin ɗakin dashen hanta ba.

Hanta da Aikinta

Hanta ita ce gaɓa mafi girma a cikin cikin ɗan'adam. Nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi, tana kuma zaune ne a ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. A kowane minti, jini kimanin lita ɗaya da rabi ke ratsa ta. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan jini daga hanji yake zuwa, ta wata babbar jijiya, ɗauke da abincin da aka narkar da kuma duk wata guba ko ƙwayar cuta da ta kutso daga hanjin.

Hanta na adana sukari don lokacin buƙata, tana ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, tana samar da ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo, tana kuma warware magunguna da guba domin jiki ya fitar da su. Bugu da ƙari, akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikinta da ke haɗiye bakteriyar da ta biyo jini daga hanji. Saboda haka mutumin da hantarsa ta lalace ya rasa ɗaya daga cikin manyan masu gadin jikinsa.

Abubuwan da ke Lalata Hanta a Gaɓar Tafki

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a shekarar 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka kuma sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Tafkin ya kawo wutar lantarki da kifi da noman rani, sai dai ruwa mai kwanciya da ciyayi wuri ne da katantanwa ke yaɗuwa, ita kuwa katantanwa ita ce masaukin tsutsar tsargiya.

Tsargiya iri biyu ce a wannan ƙasa. Wadda aka fi sani ita ce mai sa fitsarin jini. Ɗayar, wadda masana ke kira Schistosoma mansoni, tana zama ne a jijiyoyin hanji, jini kuma ya riƙa kwasar ƙwayayenta yana kai su hanta. A nan suke maƙalewa, jiki ya yi ta kewaye su da tabo shekara da shekaru, har hanyar jini ta ƙuntace. Sakamakon haka shi ne kumburin saifa, da taruwar ruwa a ciki, da aman jini. Masunta da masu wanki a bakin ruwa da yaran da ke iyo su ne suka fi fuskantar wannan hatsari.

Abu na biyu shi ne bairos mai haddasa ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na mutane masu shekaru 15 zuwa 64 na ɗauke da shi. Yana yaɗuwa daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, da ta askar wanzami ko reza ko allurar da aka yi wa mutane da yawa amfani da ita, da ƙarin jinin da ba a auna ba, da kuma saduwa. Mai ɗauke da shi kan yi shekaru bai san yana da shi ba, har sai hanta ta ƙanƙance ta taurare, ko ciwon daji ya kama ta.

Abu na uku shi ne gubar afilatoksin, wadda wata fumfuna ke fitarwa a kan gyaɗa da masara da aka adana da danshi. Idan wannan guba ta haɗu da bairos nau'in B a jikin mutum ɗaya, hatsarin kamuwa da dajin hanta yakan ninka sau da yawa. Giya da wasu magungunan da ake sha barkatai su ma suna da nasu rabo.

Ƙasar Masar ta bar darasi a kan wannan. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980, an yi wa miliyoyin mazauna gaɓar Kogin Nilu allurar maganin tsargiya da sirinjin da ba a dafa shi sosai ba tsakanin mutum da mutum. Ta haka bairos na ciwon hanta nau'in C ya bazu, har binciken shekarar 2008 ya tarar da kusan mutum ɗaya cikin goma na manya ɗauke da shi. Ƙasar ta yi gagarumin aikin awo da magani daga baya, kuma a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a kan nasarar da ta samu, amma kafin nan dubban mutane sun kai matsayin buƙatar dashen hanta.

Tarihin Dashen Hanta

Idan hanta ta gaza gaba ɗaya, babu wata na'ura da za ta ci gaba da yin aikinta na dogon lokaci kamar yadda injin wankin ƙoda ke yi wa mai ciwon ƙoda. Abin da ya rage shi ne dashe. Likita Thomas Starzl ne ya fara gwada wannan aiki a birnin Denver na Amurka a shekarar 1963, a kan wani yaro ɗan shekara uku, wanda ya rasu a kan gadon tiyata saboda zubar jini. A shekarar 1967 ya yi wa wata yarinya aikin, ta rayu fiye da shekara guda. Roy Calne ya fara nasa a Kambirij ta Ingila a shekarar 1968.

Babbar matsalar farko ita ce jiki na ƙin baƙuwar gaɓa. Garkuwar jiki na ɗaukar sabuwar hantar a matsayin abokiyar gaba, sai ta far mata. An samu sauƙin wannan ne da bayyanar maganin saikulosforin, wanda aka samo daga wata fumfunar ƙasa, aka kuma amince da shi a Amurka a shekarar 1983. Daga baya aka samu takarolimus daga wata bakteriyar ƙasa a Japan a shekarar 1984, shi ne kuma aka fi amfani da shi a yau. A shekarar 1989, Russell Strong ya yi nasarar yanko wani ɓangare na hantar uwa ya dasa wa ɗanta a Birisben ta Ostareliya. Wannan ya yiwu ne saboda hanta na iya sake tofowa: wanda ya ba da rabin tasa, cikin 'yan watanni takan koma kusan girmanta na da. A manyan cibiyoyi na duniya, kusan mutum tara cikin goma na waɗanda aka yi wa dashe na wuce shekarar farko da rai. 'Yan Nijeriya da dama da ke buƙatar aikin kan tafi Indiya ko Masar, su kashe dukiya mai yawa.

Dalilin da Ya Sa Mai Sabuwar Hanta ke Cikin Hatsari

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon jikin wanda aka yi wa dashen hanta ya tsage ta wurare huɗu.

Na farko, ya zo tiyata a raunane, bayan doguwar jinya da ramewa. Sau da yawa ya kwanta asibiti ba sau ɗaya ba, ya kuma sha magungunan kashe bakteriya iri-iri, waɗanda suka kashe masu rauni daga cikin bakteriyar hanjinsa suka bar masu taurin kai. Na biyu, aikin a cikin ciki ake yin sa, kusa da hanji, inda bakteriya ke zaune biliyoyi. Dole a ɗinke bututun matsarmama na sabuwar hanta da na majiyyaci ko da hanjinsa, kuma idan ɗinkin ya yi yoyo ko ya toshe, wurin ya zama matattarar cuta. Na uku, bayan aiki akan saka masa robobi da dama: na numfashi a maƙogwaro, na fitsari, na ƙarin ruwa a babbar jijiya, da na tsiyayar da ruwa daga ciki. Kowace roba ƙofa ce. Na huɗu, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar yana yin haka ne ta hanyar danne garkuwar jiki, kuma zai sha shi har ƙarshen rayuwarsa.

Likitoci sun raba hatsarin gida uku. A watan farko, bakteriyar asibiti ce ta fi yawa, tana kama rauni da cikin ciki da huhu da jini da mafitsara. Daga wata na biyu zuwa na shida, cututtukan da ke laɓe a jiki, irin su wasu bairos da fumfuna da tarin fuka, su ke samun damar fitowa. Bayan wata shida, majiyyaci ya koma gida, cututtukan gari ne ke jiransa. A duk matakan nan, kamuwa da cuta na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda aka yi wa dashe.

Yadda Bakteriya ke Daina Jin Magani

Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya, tana hayayyafa ta hanyar rabuwa biyu. Idan ta sami abinci da ɗumi, irin wadda ake kira Escherichia coli na iya rabuwa a kowane minti 20. Ɗalibi na iya lissafawa da kansa: a cikin sa'o'i bakwai akwai rabuwa 21, wato ƙwaya ɗaya ta zama 2,097,152. A cikin sa'o'i goma ta haura biliyan ɗaya.

A duk lokacin da ta rabu, takan kwafi bayanan gadonta, kuma jefi-jefi akan sami kuskure a kwafin. Yawancin kurakuran ba su da amfani gare ta, amma wani lokaci kuskure ɗaya kan ba ta ikon jure wa magani. Idan aka sha maganin, sai miliyoyin da ke jin sa su mutu, wannan guda ɗaya ta tsira, ta tarar da fili babu abokin takara, ta hayayyafa. Maganin bai koya mata komai ba, ya dai share mata fage. Ya kamata a lura kuma cewa bakteriyar ce ke daina jin magani, jikin mutum bai canza ba. Saboda haka wanda bai taɓa shan wani magani ba yana iya kamuwa da cutar da ba ta jin sa, idan ya ɗauko ta daga wani.

Dabarun bakteriya huɗu ne. Wata na ƙera sinadarin da ke farfasa maganin kafin ya taɓa ta. Wata na sauya siffar wurin da maganin ke kamawa. Wata na toshe ƙofofin jikinta. Wata kuma na da famfon da ke fitar da maganin waje. Abin da ya fi tsoratarwa shi ne bakteriya na iya miƙa wa juna waɗannan dabaru ta wasu ƙananan zobba na bayanan gado da ake kira filasmid, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Zobe guda kan ɗauki kariya daga magunguna biyar ko fiye.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a shekarar 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a shekarar 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai haifar da ƙwayoyin da ba sa jin sa. Haka kuwa aka yi. An fito da metisilin wajen shekarar 1960 domin maganin Staphylococcus aureus da ta bijire wa fenisilin, amma a shekarar 1961 aka sami wadda ta bijire masa a Ingila. A tsakiyar shekarun 1980 aka fito da dangin kabafenem, waɗanda ake ajiyewa don lokacin da komai ya gaza. A shekarar 1996 aka sami Klebsiella pneumoniae mai farfasa su a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. A shekarar 2009 aka bayyana wani sinadarin mai suna NDM-1, daga jikin wani mazaunin Suwidin da ya yi jinya a birnin Delhi. A shekarar 2015 masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton filasmid mai ba da kariya daga kolistin, maganin da aka daɗe ana bai wa dabbobi.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2020 a kan samfuran marasa lafiya a Sakkwato ya gano bakteriya masu ɗauke da nau'in NDM. Babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ke kan gaba, da mutuwa 27.3 a cikin kowane mutum 100,000.

Tsaka Mai Wuyar Likita

Idan irin wannan cuta ta kama mai sabuwar hanta, likita na shiga tsaka mai wuya. In ya rage maganin danne garkuwa domin jiki ya yi yaƙi, jikin na iya juyawa kan hantar. In ya bar shi, cutar na iya cinye majiyyaci. Kolistin, wanda akan koma masa in an rasa mafita, yana cutar da ƙoda, takarolimus ma haka. Rifamfisin na tarin fuka yana rage ƙarfin takarolimus a jini, eritiromaisin kuma yana ƙara shi fiye da ƙima. Akwai sababbin magunguna, amma suna da tsada ƙwarai, kuma wasunsu ba sa aiki a kan NDM.

Saboda haka ɗakin awo ya zama idon likita. Akan ɗebi jini ko fitsari ko mugunya, a shuka a faranti mai abincin bakteriya, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum. Idan ta tsiro, sai a shimfiɗa ta a wani farantin, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban a kai. Washegari za a ga fili fayau kewaye da maganin da ke kashe ta, wanda ba ta ji kuwa ta tsiro har gindinsa. Ana auna faɗin filin da ma'aunin milimita. Duka aikin na cin kwana biyu zuwa uku. Cibiyoyin dashe da yawa kan kuma auna majiyyaci tun kafin tiyata, domin a san irin bakteriyar da ke zaune a hanjinsa.

Alaƙar Wannan da Kasuwa da Gida

Bakteriyar da ke addabar majiyyaci a asibiti sau da yawa daga gida ya taho da ita a hanjinsa. A garuruwa da ƙauyuka, mutum kan shiga kemis ya sayi kafso biyu ko uku na ja-da-yalo ko amfikulos saboda mura ko ciwon ciki, ba tare da takardar likita ba. Mura kuwa bairos ke kawo ta, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa bairos. Wani kan kira kowane zazzaɓi taifot ya hau shan magani. Makiyayi kan yi wa saniya allurar oksitetarasaikilin, a tatsi nononta a ranar a kai kasuwa. Mai kiwon kaji kan zuba magani a ruwan shansu kullum. Kashin mutum da na dabba, tare da ragowar magani da bakteriyar da ta tsira, ruwan sama na wanke su zuwa rafi, rafi ya kai su tafki, inda ake ɗiban ruwan sha, ake wanka, ake wanke kifi.

Nijeriya ta fitar da shirin ƙasa na farko na yaƙi da wannan matsala a shekarar 2017 ƙarƙashin jagorancin Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, aka kuma ƙaddamar da na biyu a shekarar 2024. Duk shekara, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, duniya na gudanar da makon wayar da kai a kan lamarin.

Matakan Kariya

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin iri biyu ne. Na farko shi ne tsare hantar kanta. An shigar da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin jadawalin rigakafin yara na Nijeriya a shekarar 2004, kuma an fi so a yi wa jariri ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Mace mai ciki ta nemi a auna ta. Kowa ya riƙe rezarsa, wanzami ya sauya aska ko ya dafa ta, allura kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Maganin firazikwantel na kashe tsutsar tsargiya, don haka kada a guje shi idan an kawo makaranta. A daina bahaya da fitsari a bakin ruwa, domin ta nan ƙwayayen tsutsar ke komawa ga katantanwa. A shanya gyaɗa da masara su bushe sarai, a tsince masu fumfuna a zubar.

Na biyu shi ne tsare magungunan. Kada a sha maganin bakteriya sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, a sha shi daidai adadi da lokaci da kwanakin da aka faɗa, kada a raba da wani, kada a ajiye ragowa. Mai dabbobi ya nemi shawarar malamin dabbobi, ya kuma jira kwanakin da aka ƙayyade kafin ya sayar da nono ko nama. Wanke hannu da sabulu, a gida da asibiti, na katse hanyar bakteriya ko da ba ta jin kowane magani. Wanda ya yi jinya a wata ƙasa ya gaya wa likitansa da zarar ya dawo.

Aiki a Aji

Malami ya zuba wake fari 95 da ja 5 a cikin ƙwarya. Farin shi ne bakteriya mai jin magani, jan kuwa marar ji. Ɗalibi ɗaya, a matsayin magani, ya tsince fari 90 ya bar ja. Daga nan a ninka abin da ya rage har ya koma 100, wato fari 50 da ja 50. A sake zagaye na biyu, a cire kashi tara cikin goma na farin, a ƙirga, a rubuta sakamakon a allo.

Tambayoyi

1. Kawo ayyuka huɗu na hanta.
2. Bayyana yadda tsargiya ke lalata hanta.
3. Me ya sa wanda aka yi wa dashe ya fi sauran mutane saurin kamuwa da cuta?
4. Idan bakteriya ɗaya na rabuwa biyu a kowane minti 20, nawa za ta zama bayan sa'o'i uku?
5. Lissafa halaye uku a garinku da ke taimaka wa bakteriya ta daina jin magani, tare da yadda za a gyara kowanne.